Daga Rumfata a Kukuo: Maigida, Ka Taɓa Buɗe Littafin Awon Matarka?

Makon jiya na yi alkawarin za mu ƙarasa zancen kuɗin mota daga Bawku zuwa Kumasi da yadda yake cinye ribar albasa. Ku yi mini afuwa, na ɗage shi zuwa wani makon. Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya watanni da dama, sai yanzu mai ita ya yarda in faɗa, bisa sharaɗin ba zan kama sunansa ba.

Yaro ne da ya tashi a hannuna. Tun yana ɗan shekara 15 yake tsare mini rumfa a kasuwar Kukuo, yau kuwa yana da jarinsa, yana saro doya a Salaga da Bimbila yana kaiwa Ankara. Matansa biyu. Wata Talata bayan la'asar ina cikin lissafi sai ga shi ya tsayar da babur, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya jefa wani littafi a kan buhun masara. Littafin awo ne, irin wanda asibiti ke bai wa masu ciki.

Ya ce, "Baba, amarya ta ci amanata. Yau an ɗebi jininta wajen awo, an ce tana da tunjere. Wallahi yau ɗin nan za ta kwana gidan ubanta."

Na ce, "Zauna tukuna. Cikin wata nawa ne?" Ya ce huɗu. Na ce, "To kai an ɗebi naka jinin?" Ya dube ni kamar na zage shi. "Haba Baba! Ni lafiyata ƙalau, ko ƙurji babu a jikina."

Na sa aka kawo masa ruwa, na ce ba inda kowa zai kwana sai ɗakinsa, gobe da safe ni da shi za mu je mu ji daga bakin ungozomar da ta yi gwajin.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, don ya tono mini tsohon miki. A 1995 da 1997 ni da Hajiyata mun binne jarirai biyu. Dukansu sun kai watannin haihuwa, dukansu sun zo babu rai. Lokacin asibitin Gana sai ka biya kafin a duba ka, ni kuwa yaron shago ne, saboda haka awo ma ba ta je ba sai sau ɗaya, ba wanda ya taɓa ɗibar jininta. Tsofaffi suka ce wabi ne, wasu suka ce iska, wata gwaggo ta ce hannun maƙwabciya ne, har aka yi shekara ba a gaisawa. Mun sha rubutu, mun yi sadaka, mun ɗauki ƙaddara. Allah Ya ba mu wasu daga baya, alhamdu lillahi. Amma har yau in na ga littafin awo a hannun mace sai in tuna ba mu yi tambaya ko ɗaya ba a wancan lokacin, don ba mu san akwai abin tambaya ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bari in faɗi abin da na koya game da cutar, daga bakin ma'aikatan lafiya da ɗan karance-karancena. Tunjere ƙwayar cuta ce irin wadda ake kira bakteriya, wato irin wadda magani ke kashewa ƙurmus in an dace da shi. Tsohuwar cuta ce, kakanninmu sun san sunanta. Masanan Jamus suka fara ganin ƙwayar a 1905, kuma tun 1943 aka tabbatar allurar fenisilin tana warkar da ita. Galibi ta hanyar kwanciya ake ɗauka. Farkonta ɗan gyambo ne a al'aura ko a baki, marar zafi, wanda ke bajewa da kansa cikin 'yan makonni. Bayan haka wasu kan ga ƙuraje a jiki, har tafin hannu da na ƙafa, su ma su baje. Daga nan sai ta kwanta luf a cikin jini, shekara da shekaru, mutum yana cin tuwonsa yana ɗaukar buhunsa. Shi ya sa maganar yaron nan ta "ko ƙurji babu a jikina" ba hujja ba ce.

Wanda ba ta raga wa shi ne ɗan da ke ciki. Ƙwayar tana ratsa mabiyiya ta shiga jininsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in mai ciki tana da ita ba a yi magani ba, fiye da rabin irin waɗannan cikunan ba sa ƙarewa lafiya: ko ɓari, ko a haifi ɗa babu rai, ko bakwaini, ko ya zo da cutar ta taɓa masa ƙashi ko ido ko ji ko ƙwaƙwalwa. Lissafin hukumar na 2016 ya nuna jarirai sama da 200,000 ne suka mutu a ciki ko jim kaɗan bayan haihuwa saboda ita a shekara guda. In ka cire zazzaɓin cizon sauro, babu cutar da ake iya karewa da ta kai ta jawo haihuwar ɗa babu rai. Alhali maganin allura ce mai arha, in an yi ta da wuri, aƙalla kwana 30 kafin haihuwa.

To me gwamnati ta tanada? A nan Gana, dokar inshorar lafiya ta fito a 2003 zamanin Shugaba Kufuor, sannan a watan Yulin 2008 aka shigo da tsarin kula da masu ciki kyauta: mace mai ciki za ta yi rajistar inshora ba tare da biyan kuɗin shekara ba, awo da haihuwa su shiga ciki. A wajejen wannan lokacin ne kuma Hukumar Lafiya ta Gana ta sa gwajin tunjere cikin abin da za a yi wa kowace mai ciki ranar da ta fara zuwa awo, tare da su gwajin yawan jini da rukuninsa, da sikila, da ƙanjamau, da ciwon hanta, da fitsari. Ba sai an zarge ki ba, ba sai kin nuna alama ba. Matar liman da matar direba duk layi ɗaya suke bi. Gwajin kansa ba wani aiki ba ne: a soki ɗan yatsa, a ɗiga jini a kan wani ɗan faranti, cikin minti 20 an ga sakamako. Yanzu ma akwai farantin da ke duba ƙanjamau da tunjere da ɗigo ɗaya. A 2018 aka fito da littafin lafiyar uwa da ɗa, wanda ya haɗe katin awo da katin jariri wuri guda, kuma a cikinsa akwai gurbin da ake rubuta sakamakon kowane gwaji.

Wannan gurbin shi ne ya sa na rubuta shafin yau. Bayan abin da ya faru na roƙi 'ya'yana mata da surukaina su nuna mini littattafansu. Na sami wadda gurbin nata a cike yake, na sami wadda nata fari fat, ba a rubuta komai ba. Da na tambaye ta sai ta ce ranar da ta je an ce kayan gwajin sun ƙare, aka ba ta takarda ta je wani ɗakin gwaji na kuɗi a cikin gari. Kuɗin da ke hannunta na cefane ne da na yalo-yalo, sai ta koma gida, ba ta sake tayar da zancen ba, mijinta ma bai san an yi haka ba. Ka ga doka tana nan a takarda, amma ba ta iso yatsan wannan baiwar Allah ba.

Mu ma da namu laifin, kuma ya fi na gwamnati kusa da mu. Ana so mace ta fara awo cikin wata 3 na farko, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2016 ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. Mu kuwa al'adarmu ɓoye ciki. Na fari kunya, na biyu tsoron baki, sai ciki ya kai wata 6 ko 7 ya fito fili sannan a nufi asibiti. A lokacin ƙwayar ta daɗe tana ɓarna. Ga kuma halinmu na fatake: maigida yana Techiman ko Ankara ko ya haura Nijar saro albasa, ya bar cewa kada a fita sai da izininsa, ranar awo ta zo ta wuce wayarsa a kashe. Mu da ke Kukuo, babban Asibitin Koyarwa na Tamale yana nan kusa da mu, ga ƙananan asibitoci a unguwanni, ba mu da uzurin nisa irin na mutanen ƙauye.

Mu koma kan yarona. Da safe muka je mu uku, amarya tana bayanmu idonta ya kumbura. Ungozomar dattijuwa ce Badagomba mai jin Hausa sarai. Ta rufe ƙofa, ta tambayi yarinyar ko ta yarda a yi magana a gabana, ta ce ta yarda, ni ne uban mijinta. Sannan ta juya wajen yaron.

Ta ce, "Malam, wannan gwajin abu ɗaya yake faɗa: jinin nan ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Ba ya faɗin yaushe, ba ya faɗin daga wa. Wanda ya kamu shekara 10 baya, ko da ya warke, farantin nan zai iya ci gaba da nunawa har ƙarshen rayuwarsa."

Ta ƙara da abin da ban taɓa ji ba. Akwai wata cutar gyambo ta yara da likitoci ke kira yos, wadda har yanzu ake samu a wasu ƙauyukan Gana, musamman na kurmi. Yara kan ɗauka wajen wasa, fata ta taɓa fata, ba ruwanta da kwanciya. Ƙwayarta 'yar'uwar ta tunjere ce ta jini, har gwajin ba ya iya bambanta su. Amaryar nan kuwa a zangon wani ƙauyen masu koko ta girma. Ungozoma ta ce, "Ni ba alƙaliya ba ce, Alhaji. Aikina in tsare abin da ke cikin nan. Duk wadda gwajinta ya nuna, allura muke yi mata, don in mun tsaya bincike ɗan ne zai biya. Shi ma maigida sai an duba shi an yi masa, in ba haka ba mu wanke ta yau ya mayar mata gobe. In akwai abokiyar zama, ita ma ta zo."

Yaron ya yi ta murza hula. Na ce, "Miƙa yatsa, ɗana. In kana da gaskiya me kake tsoro?" Ya miƙa. Muka zauna muna kallon farantin kamar masu jiran ganin wata. Da minti 20 suka cika, abin da ya fito a nata shi ya fito a nasa.

Ba wanda ya ce uffan. A hanyar komawa, mun kusa kasuwa, ya ce da ni a hankali, "Baba, zaman tasha ba shi da kyau." Ban tambaye shi ƙarin bayani ba, ku ma kada ku tambaye ni. Tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Abin da na ce masa kawai shi ne, jiya ya kusa sakin mace mai ciki a kan abin da shi kansa yake ɗauke da shi, ya je ya san bakin da zai ba ta haƙuri da shi. Mu maza, in magana irin wannan ta taso, saurin nuna yatsa gare mu. Mace ce ke zuwa awo, ita ake fara gwadawa, sai laifin ya faɗa kanta don kawai ita aka fara gani.

Da yake ba a san tsawon lokacin da cutar ta yi a jikinsu ba, allura uku aka rubuta wa kowannensu, ɗaya kowane mako, a mazaunai, kuma aka ce su ƙaurace wa shimfiɗa har a gama. Wanda aka tabbatar sabon kamu ne, guda ɗaya kan isa. Ranar farko allurar ma babu a wurin, sai da muka zaga shagunan magani kafin muka samo. Uwargida ta zo daga baya, bayan rarrashi mai yawa daga Hajiyata, ita ma aka duba ta aka yi mata abin da ya dace. A nan zan ja kunnen masu son gajerar hanya: kafso ɗin da ake saya a kemis ko a hannun masu yawo da magani a tasha ba ya maye gurbin wannan allurar. Wasu magungunan ba su halatta ga mai ciki ba sam, wasu kuma suna iya yi wa uwa aiki amma ba sa isa wajen ɗan yadda ake so. Fenisilin ce aka tabbatar tana ratsawa ta warkar da shi tun yana ciki. Wadda ta san jikinta ba ya karɓar fenisilin, ta faɗa wa nas kafin a soka.

Masu 'ya'ya a Turai da Amurka, kada ku ce wannan zancen talakawan Afirka ne. A Amurka, jariran da aka haifa da tunjere sun haura 3,700 a 2022, ninki 10 na abin da ake gani shekara 10 kafin nan. Can ma ana gwada masu ciki, Ingila ma haka. Akwai dai wata ƙwayar daban da za ku ji 'ya'yanku suna ambata, ana ce mata streptokokas rukunin B. Ita ba ta kwanciya ba ce, tana zaune ne kawai a jikin mata da yawa, a Amurka kusan 1 cikin 4 na masu ciki, ba ta cutar da su amma takan kama jariri wajen haihuwa. Amurka tana gwada kowace mai ciki a mako na 36 zuwa 37, wadda aka samu a ba ta magani ta jijiya lokacin naƙuda. Ingila kuwa ba ta gwada kowa, sai dai a ba da maganin ga wadda aka ga tana cikin haɗari. Ƙasashe biyu masu kuɗi sun saɓa a kan waccan. Amma a kan tunjere ba su saɓa ba, don gwajin arha ne, maganin tabbas ne. Kyuba ita ce ƙasar farko da aka shaida ta kawar da yaɗuwar ƙanjamau da tunjere daga uwa zuwa ɗa, a 2015. Tailan ta bi baya a 2016. Ba da sabon magani suka kai ga haka ba. Awo da wuri ne, da gwada kowa, da samun allura a wurin da aka yi gwajin.

Saboda haka roƙona ga hukuma gajere ne. Tunda kun ce kyauta ne, ku sa faranti da allura su kasance a ɗakin awo ranar da mace ta zo. Wadda aka tura wani wuri da takarda a hannu, sau da yawa gida take wucewa. Sarakunan zango da limamanmu kuma, in kuna zama da jami'an lafiya ko 'yan majalisa, ku tambaye su wannan kamar yadda kuke tambayar kwata da fitila.

Roƙona ga 'yan'uwana fatake ya fi tsawo, don mu ne abin ya fi shafa. Mu da ba ma karɓar buhu sai mun soka ma'auni mun ga ƙwayar da ke ciki, yaya za a yi mu bar cikin matanmu a kan "ai lafiya lau take"? Kafin ka hau mota, ka bar izinin awo a buɗe, ka bar kuɗin mota da ɗan abin da zai isa gwaji ko da an ce a je waje. In ka dawo, bayan ka ci abinci ka huta, ka ce a kawo maka littafin. In ba ka karanta Turanci, ɗanka na makaranta zai nuna maka inda aka rubuta gwaje-gwajen jini. In ka ga gurbi babu rubutu, ka raka ta awo na gaba ka tambaya cikin ladabi. In an ce ka miƙa yatsa, ka miƙa. Mai mata biyu ko uku ya sani gidansa jiki ɗaya ne a wannan fanni, ba a yi wa ɗaki ɗaya magani a bar sauran.

Ku kuma iyaye mata, masu karɓar 'ya'ya goyon ciki: yarinyar da za a tura haihuwar fari gida, ko Kano ne ko Sakkwato ko Tawa ko Dosso, a sa littafinta cikin jaka kafin a sa zannuwa. Ma'aikatan can ba su san abin da aka yi mata a Tamale ba sai sun gani a rubuce. Wadda aka fara wa allura uku kada ta kama hanya sai ta cika su. In an sami ɓari ko an haifi ɗa babu rai, Allah Ya kiyaye, a yi haƙuri da ƙaddara, amma kafin wani cikin a je a duba jinin mata da miji. Neman dalili bai saɓa wa tawakkali ba. Da mun san haka a 1995, da maƙwabciyarmu ba ta sha zargin da ta sha ba.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi suna a gidan yaron nan. Namiji ne, an duba shi a asibiti, an ce a riƙa kai shi awo a kan lokaci. Ni aka miƙa wa shi bayan an yi addu'a. Yana da nauyi a hannu, yana da ƙarfin kuka. Uwarsa tana ɗakinta, uwargida ce ke rabon waina. Uban ya zo ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Baba, ka rubuta, wataƙila wani ya ji." To ga shi na rubuta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya tsare na kan hanya. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan kuɗin motar albasa.